Yadda Ake Zaɓen Tankin Sama na Murhun Itace a Jirgin Kanal

Tun watan Oktoba nake ta samun tambaya iri ɗaya daga 'yan'uwa da suka koma zama a siraran jiragen nan na kanal a Ingila, yawancinsu tsadar haya ce ta koro su daga Landan. Mutum ya sayi jirgi mai murhun itace da kwal, a bayan murhun akwai tukunyar ruwa da ke ɗumama lagiretocin ɗaki, to wane irin tanki zai ɗora a sama, wato tankin da ke ciko bututun da ruwa yana kuma karɓar ruwan in zafi ya kumbura shi? Wani har hoton jarkar roba ya turo mini yana tambaya ko za ta yi. Ba za ta yi ba, kuma za ka ga dalili a ƙasa.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, wutar kwal ba ta da makunni. Hitar dizal irin su Webasto da Eberspächer in ruwa ya yi zafi da yawa da kansu suke mutuwa. Murhu kuwa ko famfon da ke tura ruwa ya tsaya, ko batir ya mutu, ci gaba zai yi da ci har ruwan ya tafasa. Saboda haka ranar da ruwan zai tafasa ake saya wa tanki, don ranar da komai ke tafiya daidai kowane kwano ma zai iya aikin.

Kayan da za ka tanada: tef ɗin awo, lebur irin na magina, bokiti mai alamar lita, mazurari, sifana biyu, abin yanka bututu, kwali da almakashi, da takardar da ta zo da murhun in tana nan.

1. Gane irin tsarin da ke jirginka

Bi bututun da ya fito daga saman tukunyar da hannunka. In mai kauri ne, milimita 28, yana hawa a hankali ba tare da famfo ba, to ruwan da kansa yake zagayawa: mai zafi ya hau, mai sanyi ya sauko. In kuma ka tarar da ƙaramin famfo mai aiki da bolt 12 da siraran bututu na milimita 15 ko 22, to tura ruwan ake yi. Wasu jiragen sun haɗa biyun. Rubuta wanda kake da shi, don zai shafi inda za ka haɗa tankin a mataki na 6.

Gargaɗi: in ka ga jar tulun ƙarfe a rufe da agogon matsi a jikin bututun, kuma babu wata kafa da ke buɗe zuwa iska, kada ka kunna murhun. Wannan rufaffen tsari ne, irin na tukunyar gas ta gida. Ruwa in ya zama tururi yana ninka girmansa wajen sau 1,600, kuma in bai samu hanyar fita ba shi zai yi wa kansa. Akwai murhunan da aka ƙera don rufaffen tsari da na'urorin kariya na musamman, amma ba su ne ƙananan da ake sawa a jirgi ba. Namu a buɗe yake zama.

2. Lissafa yawan ruwan da ke cikin tsarin

Nan ne mutane suke yin ƙiyasi da ido, alhali lissafin bai fi na minti goma ba. Girman tanki daga yawan ruwan tsarin yake fitowa, ba ruwansa da tsawon jirgi ko ƙarfin murhu.

Bututun jan ƙarfe na milimita 15 yana ɗaukar kusan lita 0.15 a kowace mita, na milimita 22 lita 0.32, na milimita 28 kuma lita 0.54. Auna zuwa da dawowa, kada ka manta da na dawowan da ke bin ƙasa ta bayan kabad. Na lagireto da na tukunya duba takardar kamfani. Sai ka ƙara da naɗaɗɗen bututun da ke cikin tankin ruwan wanka, in murhun ne ke ɗumama shi.

Ga misali da jirgi mai ƙafa 57, wanda shi ne tsawon da aka fi so saboda yana shiga kusan duk ƙofofin ruwan ƙasar, wato wuraren da ake ɗaga jirgi ko a saukar da shi a kanal. A ce bututun milimita 28 ya kai mita 22, wato lita 12 ke nan. Lagireto biyu masu fuska biyu, kowane lita 6, sun ba da 12. Ƙaramin na banɗaki lita 3, tukunya lita 4, naɗin tankin wanka da bututunsa lita 3. Jimla lita 34.

In tsarin tsoho ne kuma babu takarda ko ɗaya, hanya mafi sauƙi ita ce ka zuƙe ruwan gaba ɗaya ta bawul ɗin ƙasa, kana ƙirga bokiti. Dama tunda za ka canza tanki dole ka zubar da shi. Sai dai ka ƙara lita biyu ko uku a kan abin da ka samu, don ba ya fita duka.

Gargaɗi: ruwan da ka zuƙe akwai maganin hana daskarewa a ciki. Kada ka zuba shi a kanal ko a gindin ciyawa. Tara shi a jarka ka kai wurin karɓar shara na ƙaramar hukuma.

3. Fitar da girman tankin

Ruwa zalla daga sanyi zuwa tafasa yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari. In an gauraya shi da maganin hana daskarewa ya fi haka kumbura, shi ya sa nake yin lissafi da kashi 6. A misalinmu, kashi 6 na lita 34 lita 2 ne.

Amma tankin lita 2 ba zai yi ba, don abu uku yake ɗauka. Akwai ruwan da zai zauna a ƙasa ko da tsarin ya huce, wanda zai rufe bakin bututun ciko kada iska ta shiga. Akwai wurin kumburin. Sai kuma sarari a sama, saboda ruwan da ke tafasa ba a hankali yake hawa ba, tunkuɗowa yake yi da ƙarfi haɗe da tururi, ga kuma jirgi yana tangaɗi, ko ya daki bango a ƙofar ruwa. Ni yadda nake yi: ruwan sanyi ya tsaya a kashi ɗaya bisa uku na tankin, sararin da ke tsakaninsa da bututun tumbatsa kuma ya ninka kumburin sau biyu aƙalla. Ga tsarin lita 34 wannan ya kai mu ga tankin lita 8 zuwa 10.

Siffarsa ma tana da muhimmanci. Jirgin nan faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, rufinsa kuma dogon mutum yana taɓa shi da kai, don haka tsayi shi ne abin da ba ka da shi. Tanki mai gindin santimita 30 da 15 da tsayin santimita 20 yana cin lita 9, kuma kumburin lita 2 zai ɗaga ruwan da santimita huɗu da rabi kacal. Dogo siriri kuwa gindinsa zai sauko ƙasa sosai, ruwan sanyi ya koma ƙasa da bututun sama, iska ta shige. Amma kada ya zama faranti: in ya cika faɗi, jirgi na karkata kaɗan ruwan zai gudu gefe ya bar bakin bututun a buɗe.

Tankin gida na galan 4, wato lita 18, wanda ake sawa a silin, yawanci ya yi wa jirgi girma. In kana da wurinsa babu laifi, girma bai taɓa ɓata komai ba a nan. Ƙanƙanta ce matsala.

Kafin ka biya kuɗi, yanka kwali ka haɗa akwati daidai awon, ka ɗora a wurin. Gwada ko hannunka da mazurari za su shiga ta sama. Na san jirgin da sai da aka huda rufin kabad kafin a iya zuba ruwa a sabon tanki.

4. Zaɓi abin da aka yi shi da shi

A nan zan daɗe, don a nan ake cutar kai da sunan tsimi.

Roba ta gama-gari, irin ta tankin ruwan sanyi ko jarka, tana yin laushi in tafasasshen ruwa ya daɗe a ciki, ta lotsa, ta zubar da abin da ke cikinta gaba ɗaya. A Ingila an yi asarar rai ta wannan hanya a gidaje. A 2006 a garin Taunton wata jaririya ta rasu bayan tankin roba da ke silin ya cika da tafasasshen ruwa ya rufto a kanta. A jirgi tankin yana daidai kan mutum, sau da yawa kusa da kujera ko gado.

Ni ma na ɗanɗana kaɗan. Shekarar farko da na shiga jirgi, tankin robar mota na tarar a ciki, na bar shi don na ga yana aiki. Wani dare a kan kanal ɗin Grand Union batir ya yi ƙasa, famfo ya tsaya, na farka da ƙarar bututu kamar ana dukan ganga da guduma. Kafin in kwashe garwashin, wuyan tankin ya karkace, ruwa mai ɗanɗanon magani ya wanke bango da littattafaina. Allah ya taƙaita babu kowa a ƙarƙashinsa. Araha ba ta ado.

Ƙarfe marar tsatsa, wanda muke cewa silba, shi na fi so. Yana jure tafasa, ba ya faɗa da maganin hana daskarewa, kuma mai walda zai yi maka shi daidai awon kwalinka, da bakuna a inda kake so. Jan ƙarfe ma yana da kyau ƙwarai, ya dace da bututun, sai dai tsada da wuyar samun mai yi. Akwai na faiba da aka ƙera musamman don murhun itace. In za ka saya, nemi rubutun da ke nuna yana jure digiri 110, kada ka yarda da maganar baki. Baƙin ƙarfe na yau da kullum yana yi in an riƙe maganin hana tsatsa a ruwan, amma daidai layin da ruwa ke haɗuwa da iska yake fara ci, ɓarɓashin tsatsar kuma ya gangara cikin tukunya. Mai rufin zinki ka bar shi, don gilaikol da ke cikin maganin hana daskarewa yana cin zinki ya mai da shi laka. Alminiyam kuma ba ya jituwa da jan ƙarfe a ruwa ɗaya.

Batun kuɗi: na roba 'yan gomomin fam ne, shi ya sa yake jan ido. Na silba da aka yi maka bisa awo ka sa ran zai ninka shi sau uku ko fiye, ya danganta da mai waldar da yawan bakunan. Tambayi mutum biyu ko uku, ƙauyuka irin su Braunston cike suke da masu aikin jirgi. Ka kuma ware kuɗin mahaɗan tagulla, bututu, da sabon maganin hana daskarewa, waɗanda a haɗe suna iya kamo kuɗin tankin kansa.

Gargaɗi: in duk da haka tankin mota na ƙarfe za ka yi amfani da shi, cire murfinsa na asali. Murfin lagireton mota yana riƙe matsi wajen baa ɗaya (baa ma'aunin matsi ne) kafin ya saki, wato ya mai da tsarinka rufaffe ba tare da ka sani ba. Murfin tankin sama aikinsa hana ƙura da fantsama ne kawai, iska ta riƙa shiga tana fita.

5. Nemo wurin da zai zauna

Dole ruwan da ke cikin tankin, ko a sanyi, ya fi kowane bututu da kowane lagireto tsayi. Kuma ya kasance kusa da murhu, don tururi ya samu gajeriyar hanya.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne jirgi ba a miƙe yake zaune ba. Yawanci baya ya fi nutsewa saboda nauyin inji, goshi ya ɗaga. Tunda murhu a gaba aka fi sa shi, wannan ya taimaka: gaba ne wuri mafi tsayi. Amma tankin ruwan sha ma a goshi yake, in ka cika shi goshin ya sauka, in ya ƙare ya tashi. Don haka ɗora lebur sau biyu, tankin ruwan sha a cike da kuma babu komai, ka tabbatar a duka halin biyu tankin sama ne a sama. In murhunka a baya yake, ka yi wannan awon da kulawa ta musamman, don ƙarshen bututun da ke gaba yana iya fin tankin tsayi, iska ta taru a can ta tsayar da zagayen.

Ɗaga shi iya yadda rufi ya bari. Kowace mita ta tsayin ruwa kashi ɗaya bisa goma na baa take bayarwa, kuma a jirgi da ƙyar ake samun mita ɗaya tsakanin tukunya da tanki, don haka kowane santimita yana da amfani.

Gargaɗi: kada ka ɗora shi a kan gado, ko kan akwatin wayoyin lantarki, ko manne da bututun hayaƙi. Gindinsa duka ya zauna a kan katako mai ƙwari, a ɗaure shi da ƙarfe a jikin bango. Lita 9 na ruwa kilo 9 ne ban da nauyin tankin, kuma jirgi yana cin karo.

6. Haɗa bututu uku

Na farko bututun numfashi, milimita 22 aƙalla. Yana tashi daga wuri mafi tsayi na bututun zafi da ya fito daga tukunya, ya yi ta hawa ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba, ya lanƙwaso ya leƙa cikin tankin a saman ruwa. Bakinsa kada ya nutse.

Na biyu bututun ciko, milimita 15 ko 22, daga gefen tankin kusa da gindi zuwa bututun dawowa daf da tukunya. Bar santimita biyu ko uku tsakanin bakinsa da gindin tanki don laka ta kwanta a nan. Akwai jirage da yawa da bututu ɗaya ne ke yin aikin biyun, kuma suna tafiya. Amma ranar tafasa, tururi yana hawa ta inda ruwan sanyi yake son sauka, sai su tare wa juna hanya, tukunya ta bushe. In da hali, raba su.

Na uku bututun tumbatsa, kusa da saman tanki, ya fi na ciko faɗi, ya gangara ƙasa. In za ka fitar da shi ta jikin jirgi, hudar ta kasance aƙalla santimita 25 sama da layin ruwa, kuma ba inda mutum zai tsaya ba. Wasu sun fi son ya zuba a wani kwanon ƙarfe a ciki don kada maganin ya shiga kanal, kuma don su ga in an yi tumbatsa. Ni ma haka na yi.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma: babu bawul, babu famfo, babu wani abu mai iya rufewa tsakanin tukunya da bututun numfashi, ko tsakanin tukunya da bututun ciko. Ko da ka ce ai a buɗe za ka bar shi kullum, wata rana baƙo ko yaro ko wanda zai sayi jirgin bayanka zai murɗa shi. Duk waɗannan bututu na jan ƙarfe ne, ba na roba ba.

In kana da famfo, sa shi a bututun dawowa kafin mahaɗar ciko, yadda ciko da numfashi za su zama a gefe ɗaya. In ya faɗa tsakaninsu, za ka ga ruwan zafi yana ta zubowa daga bututun numfashi kamar an buɗe famfon wanka, ko kuma yana zuƙo iska ta can. Duka biyun suna cika ruwan da iska, iska kuma ita ke cinye lagireto daga ciki. Ka kuma bar lagireto ɗaya aƙalla wanda ruwa ke kaiwa da kansa ba tare da famfo ba, babu bawul a jikinsa, don ya sha zafin in lantarki ya ɗauke.

7. Cika ruwa da gwaji

Gauraya maganin hana daskarewa da ruwa a bokiti kafin ka zuba. In ka tuttula shi zalla ya fi ruwa nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya hana zagaye, ka yi ta neman laifi a wani wuri. Kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ya isa sanyin Ingila, har irin na Disambar 2022 da kanal ya daskare. Fiye da haka ruwan yana yin kauri, zagayen ya yi nauyi. In tsarin yana ratsa tankin ruwan wanka, sayi nau'in furofilin gilaikol. Na mota, etilin gilaikol, guba ne in ya yoyo cikin ruwan da ake wanke kwanuka da shi.

Zuba a hankali, kana fitar da iska daga lagireton da ya fi ƙasa zuwa na sama. In ruwa ya kai kashi ɗaya bisa uku na tanki, tsaya ka yi alama. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika shi taf, sai wuta ta kama ya tumbatsa, mutum ya ɗauka yoyo ne ya sake cikawa.

Hura ƙaramar wuta da 'yan ƙirare. Taɓa bututun sama, ya kamata zafi ya riƙa tafiya gaba a hankali. Bayan awa ɗaya ƙara wuta, ka duba inda ruwan ya kai, ka yi alama ta biyu. Sannan, kana tsaye a wurin kuma wutar matsakaiciya ce, kashe famfo na ɗan lokaci ka saurara. In ka ji ƙwanƙwasa cikin 'yan mintuna, rufe iskar murhu, kunna famfo, ka san cewa lagireton da ke shan zafi da kansa ya yi ƙanƙanta ko bututunsa bai hau daidai ba. Gara ka gano haka da rana.

Gargaɗi: in tukunya ta taɓa bushewa tana da zafi, kada ka zuba mata ruwan sanyi. Kashe wutar, bari ta huce sarai tukuna.

8. Kulawa

Tankin jirgi yawanci babu bawul mai balan-balan da ke cika shi da kansa kamar na gida, kuma hakan ya fi, don wancan yana ɓoye yoyo yana kuma tsinka maganin. Leƙa shi sau ɗaya a mako lokacin sanyi, da safe kafin ka hura wuta. In kana ƙara fiye da kofi ɗaya ko biyu a wata, akwai inda yake zuba ko yana tafasa cikin dare. Abin da za ka ƙara ma gaurayayye ne, ajiye jarka ɗaya a shirye.

Masu binciken Boat Safety Scheme, wato shirin duba lafiyar jiragen ruwa, da ke zuwa duk shekara huɗu sun fi duba murhun kansa, bututun hayaƙi, kafofin iska, da ƙararrawar iskar kabon monoksaid wadda ta zama dole tun Afrilun 2019. Samun takardarsu ba shaida ba ce cewa tankinka daidai yake. In aikin murhun gaba ɗaya za ka ba wani, tambaye shi ko yana bin ƙa'idar BS 8511, wadda ita ce ta girka murhun itace da kwal a ƙananan jirage. Kafin wutar farko ta kowace shekara kuma, cire murfin tankin, kwashe lakar gindi, ka hura iska ta bututun tumbatsa. Gizo-gizo yana son yin gida a cikinsa lokacin bazara.